Goggo Ta Tafi da Furen Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, iyalan shagon surfani na bakin layi ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar kwamfutarsu, wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta cika ne da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana tsaka da aiki kamar yadda ta saba. An fitar da wannan sanarwa a madadin Yaya, mai shagon kuma uwar ɗakin marigayiya, wadda har yanzu ba ta iya zancen ba tare da ta kai gefen mayafi ga idonta ba. Ƙaninta Auta ne ya ba da bayanin jinyar, domin shi ya fi kowa sanin ciwon, kuma za a gani a ƙasa cewa akwai dalilin da ya sa ya fi kowa saninsa.

Babu wanda ya san ranar haihuwar marigayiya. Da girmanta ta zo, daga wani ofis da ya rufe, a bayan motar abokin Mai Kushin, mijin Yaya, an naɗe ta da bargo don kada gargada ta wahalar da ita. Waɗanda suka san ƙuruciyarta sun ce fara ce tas. Mu dai da launin tsohon haƙori muka san ta, da tabon kofin shayi a tsakar ka, wanda ba ta taɓa yin ƙorafi a kansa ba.

Goggo ba ta san gaggawa ba. In an danna maɓallinta da safe, sai ta ja dogon numfashi, fuuuu, ta yi tari guda, ƙit, sannan ta shiga tunani. A cikin wannan tunanin nata Yaya kan share shago, ta ɗora ruwan zafi, ta leƙa su gaisa da mai gyaran takalma, ta dawo ta tarar Goggo ta buɗe ido tana jira. Amma in ta tashi, to ta tashi ke nan. Ta sha ƙurar zare har fankarta ta yi gemu. An ɗauke mata wuta a tsakiyar aiki ba adadi, kuma duk lokacin da ta farfaɗo ba ta taɓa tambayar laifin wa ne ba. Mai riƙon amana ce ta gaske, domin ta san faɗin ƙugun matan layin nan kaf, ta san wadda ta ƙara da wadda ke rantsuwar ta rage, amma har ta koma ba a ji daga bakinta ba.

Aikinta shi ne riƙe zane-zanen ado. Duk wani fure, ganye ko sarƙa da aka gani a wuyan riga ko bakin mayafi daga shagon nan, daga cikinta ya fito. Yaya ta zana a allo, Goggo ta miƙa wa injin surfani ta waya, shi kuma injin ya kama tsalle yana zuba zare. Shekara da shekaru ana tarawa, ba a takarda ba, ba a ko'ina ba, sai a cikin Goggo.

A cikin abin da aka ba ta ajiya akwai guda da ba na sayarwa ba ne, shi ne furen Inna. Inna, mahaifiyar Yaya da Auta, da hannu ta yi surfani duk rayuwarta, kuma akwai wani fure da ta ƙirƙira da kanta, mai ganyaye a karkace kamar iska ta taɓa su, wanda ba ta taɓa ɗinka wa kowa ba, kullum sai ta ce sai ta samu ƙyallen da ya dace. A ciwonta na ƙarshe, hannu na rawa, ta zana shi da biro a bayan kwalin magani ta ba Yaya. Yaya ta zauna ta kwafe shi cikin Goggo layi bayan layi. Daga baya rufi ya yi yoyo, ruwa ya shiga durowa, kwalin ya narke. Yaya ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta ce ba komai, ai yana wurin Goggo. Sau ɗaya tak ta gwada sa injin ya ɗinka shi. Ana cikin yi zuciyarta ta karye, ta kashe injin, ta fizge ƙyallen ta jefa a kwandon tarkace, kuma ba ta sake gwadawa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar allo guda mai tsage a kusurwa, da kibod wanda rabin haruffansa suka goge amma yatsun Yaya suka san gidan kowanne, da linzami da aka ɗaure wa wutsiya da salatif, da lasifika guda, 'yar uwarta ta riga su gidan gaskiya tun bara. Ta bar kuma abokin zamanta, injin surfani, wanda tun ranar yake tsaye lulluɓe da tsohon zanen gado, allura a sama, ya rasa mai gaya masa inda zai soka.

Yanzu kuma sai bayanin ciwo, kuma a nan ne Auta ya roƙi a rubuta komai, kada a rage masa ko wasali.

Goggo ta zo da maigadinta daga tsohon ofis, wato manhajar riga-kafi, wadda wasu ke ce wa antibairos. Tsohon maigadi ne mai mita. Duk abin da aka cusa a jikin Goggo, filashin ɗaukar fayiloli ne ko waya, sai ya daka tsawa, ɗin-ɗon, ya tsare ƙofa ya ce sai ya caje. Yana cajewa Goggo na nishi, aiki ya tsaya, mai kaya na zaune tana kaɗa ƙafa. Kowa a shagon ya tsane shi, amma ba wanda ya isa ya taɓa shi sai Auta.

Auta aikin kwamfuta yake yi a wani ofis, inda abokai ke kiransa Injiniya, kuma ba ya hana su. Yana da tasa kwamfutar ta tafi-da-gidanka, wata 'yar falalan baƙa da ya raɗa wa suna Siririya. Ita Siririya ba manhajar kamfani take amfani da ita ba irin ta Goggo. Linux ne a cikinta, manhajar nan ta kyauta da jama'a suka haɗa hannu suka gina, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta. Wayyo, wanda duk ya kuskura ya tambayi Auta wannan wace iri ce, ya shiga uku, domin shayinsa zai huce bayani bai ƙare ba. A wurin suna ya yi wannan wa'azi, a layin asibiti ya yi, har wa mai aski ya yi, reza a wuya.

Kuma a yi masa adalci, ba ƙarya yake yi ba. Yawancin masu ƙera cututtukan kwamfuta inda jama'a suka fi yawa suke kai hari, wato manhajar kamfani, kuma abin da suka ƙera don can in ya faɗo cikin Linux sai ya zauna tsuru-tsuru ya rasa inda zai kama. Siririya daga rumbu amintacce take ɗebo kayan aikinta, kuma ba abin da ke taɓa cikinta sai an buga kalmar sirri. Tunda ya saye ta ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Daga wannan gaskiyar ce Auta ya ɗora bene har sama, ya ce riga-kafi kayan matsorata ne.

Ya so ya sauya wa Goggo manhaja ita ma, sai aka tarar manhajar zanen surfani ba ta jin yaren kowa sai na kamfani. To, maimakon ya bar tsohuwa da maigadinta, sai ya ce ai ko ba komai zai rage mata kaya.

"Yaya, wannan abin cin ƙarfinta kawai yake yi," in ji shi. "Dubi tawa. Ba ta san wani riga-kafi ba, kin taɓa jin ta yi atishawa?"

"Kai ka sani, Auta," in ji Yaya, allura a baki. "Kai ka yi karatun."

Haka aka sallami maigadi ba ko sallama. Kuma wallahi Goggo ta yi sauri bayan nan, har ta fara riga ruwan zafi tafasa. Yaya ta dinga gaya wa masu kawo ɗinki cewa ƙaninta ya mayar mata da tsohuwa yarinya, shi kuma yana gefe, baki har kunne.

Saura a gabatar da Ɗan Aike, wato filashin Auta, wanda ke rataye a jikin makullansa. Ɗan Aike ba inda bai shiga ba. Ya shiga kwamfutar shagon buga takardu, wadda duk ɗaliban gari ke cusa wa nasu. Ya shiga ta mai hoto, ya shiga ta wani ofis da ko mai shara ba ya yarda ya taɓa. In ya dawo gida aka sa shi a jikin Siririya, sai Auta ya ga baƙin fayiloli da bai san da su ba sun biyo shi. Ya san ko su wane ne sarai. Maimakon ya share su, sai ya yi dariya ya ce musu, nan gidan ba ku da haƙora. Har nuna wa abokan aiki yake yi, kamar mai wasa da maciji a kasuwa, ya danna su a gabansu don su ga ba abin da zai faru. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa haƙoran suna nan ba, gidan ne kawai ba su iya ci.

Abin da ya fi cin rai shi ne, alheri ya je yi ranar. Ya daɗe yana yi wa Yaya faɗa cewa bai kamata aikin shekaru ya zauna a wuri guda ba, sai ya zo da rana tsaka don ya kwafe mata komai ya adana. Ya ciro makullai. Yaya, wadda ba ta yi karatun ba, ta kalli Ɗan Aike ta ce, "Ba ya ɗauke da komai dai ko?"

"Haba Yaya! Yanzun nan na zaro shi daga jikin Siririya."

Ya cusa. Babu ɗin-ɗon, babu mai tsare ƙofa. Ya danna wani abu mai kama da jakar fayil, bai buɗe ba, ya sake dannawa, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Ya kwafe zane-zanen, ya bar filashin a jiki ya ci abincin da Yaya ta zuba masa har da ƙari, ya wanke hannu, ya zare kayansa ya tafi ana sa masa albarka.

Da yamma Mai Kushin ya dawo daga wurin aikinsa na ɗinkin kujerun mota, ya yi abin da ya saba yi kullum. Ya jona wayarsa a jikin Goggo don ta sha caji, ya zauna a benci yana kallon bidiyon ƙwallo yana yi wa 'yan wasa faɗa.

Washegari Goggo ta ja numfashinta, ta yi tarinta, amma tunanin ya yi tsawo. Da ta buɗe ido, Yaya ta nemi zanen wuyan wata riga, ta tarar sunansa ya koma wasu haruffa marasa kan gado. Ta buɗe na kusa da shi, haka. Ta gangara zuwa furen Inna, shi ma haka. A tsakiyar allo ga wani saƙo daga wasu marasa imani cewa sun kulle komai, makullin na hannunsu. Duk tsawon lokacin nan rumbun ajiyar Goggo na ta gurnani, yana aikin da ba shi ya sa kansa ba, har muryarsa ta sauya ta koma ƙas, ƙas, ƙas. Aka kira Auta ya taho a guje. Yana shigowa ta yi ƙas na ƙarshe, allo ya yi baƙi, fanka ta juya a hankali ta tsaya. Ya ce a kwantar da hankali, ai akwai kwafi. Ya sa Ɗan Aike a jikin Siririya a gaban kowa, sai ga kwafin shi ma a kulle.

A nan ya fara gane bakin zaren. Amma kafin ya buɗe baki Yaya ta miƙe ta ce, ban da Auta, wa ya taɓa ta jiya? Mai Kushin, bawan Allah da bai iya ɓoye ko tari ba, ya ce shi dai ya sa caji. Yaya ta juyo ga ƙaninta, ido jawur.

"Auta, waya tana iya kawo wannan?"

Auta ya kalli ƙasa ya ce, "Yana yiwuwa."

Iyalan marigayiya na so a san cewa ba Ɗan Aike ne ke hana Auta cin abinci ba, waɗannan kalmomi biyu ne.

Yaya ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai daina yi wa mijinta magana. In ya yi sallama, ta amsa wa bango. In ta zuba abinci, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Mutumin da suka yi zaman shekaru ba a taɓa jin kansu ba, sai ga shi yana zama a bencin waje kamar mai jiran ɗinki. Ya goge bidiyoyinsa kaf, har da na wasan da yake cewa shi ne ya fi kowanne a duniya. Ya rame a tsaye. Kullum Auta ya zo wucewa sai ya ce yau zai faɗa, kullum sai ya tarar Yaya tana gode masa da ya yi iya ƙoƙarinsa, sai ya koma da maganar gida.

Rannan Mai Kushin ya bi shi har ofis, da kayan aiki a jiki, ya miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ƙanina, don Allah duba min ka cire abin. Kada in je in kashe ta wani kuma. Furen Inna fa, ni na san abin da yake a wurinta. Da hannuna na yi mata wannan."

Auta ya karɓa ya duba. Wayar lafiyarta lau, tsaf kamar an wanke. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, bar ta zan ƙara dubawa.

Bayan tafiyarsa Auta ya rufe ƙofa, ya yi abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Ya ɗebo wa Siririya manhajar bincike daga rumbun nan nasu, kyauta, kuma kafin ya gama gyara zama ta sauka. Da ma can tana nan, shi ne bai taɓa nema ba. Ya cusa Ɗan Aike ya ce a caje. Jan rubutu ya dinga zubowa har ya cika allo, kuma a ciki ga wanda ya kashe Goggo, da fuskarsa ta jakar fayil, zaune lafiya a wurin da Auta ya daɗe yana yi masa dariya. Siririya kuwa ko a jikinta, fankarta ko motsi ba ta yi ba.

Ya zauna ya rasa inda zai sa kansa. Hannunsa ya kai ga jakar Siririya da ke kan tebur, ya dinga murɗa ta ba tare da ya sani ba. Ita wannan jaka Mai Kushin ne ya ɗinka masa kyauta lokacin da ya sayi kwamfutar. Bayanta ragowar ledar kujerar mota ne, cikinta kuma ya yi shafi da ƙyallayen da ya tsinto daga kwandon tarkacen Yaya, domin mutum ne da ba ya iya ganin ƙyalle a shara ya wuce, halin da Yaya ta sha yi masa faɗa a kai tana cewa ya mayar mata da gida bola. Cikin murɗawa jakar ta juye, ciki ya koma waje. A can ƙasa, inda gindin Siririya ke zama kullum, ga wani farin ƙyalle da shuɗin zare, ganyaye a karkace kamar iska ta taɓa su. Ganye ɗaya ne babu, inda Yaya ta kashe injin, sai 'yan ramukan allura.

Auta ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka fita da Inna.

Shaiɗan dai bai bar shi haka ba. A hanya ya raɗa masa cewa ga dama ta samu, ya kai furen kawai ya yi shiru, Yaya ta huce, mijin ya samu sauƙi, shi kuma ya fita da mutuncinsa har da riba. Kuma da farko haka abin ya so ya tafi. Ya shiga shago ya shimfiɗa jakar a kan teburin marigayiya. Yaya ta duba, ta dafe ƙirji, ta zauna a ƙasa ta rungume ƙyallen tana kiran sunan Allah. Sannan ta kamo hannunsa.

"Autana! Kai kaɗai Inna ta bar min mai share min hawaye." Ta ɗaga murya yadda za ta kai bencin waje. "Ba kamar wasu ba, da ba su iya komai ba sai ɓarna."

Ta taga Auta na hango ƙeyar Mai Kushin, ya ga yadda ta ƙara sunkuyawa. Sai ya zare hannunsa daga na Yaya, ya ciro makullai, ya ajiye Ɗan Aike kusa da furen.

"Yaya, ba wayarsa ba ce. Wannan ne. Ni na cire mata maigadi, ni na kawo mata ciwon, kuma tun ranar na sani. Furen ma ba ni na tsare miki shi ba. Shi ya tsince shi a kwando."

Yaya ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa ɗinkin da ya karkace tana neman inda ya fara. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Sannu, Injiniya." Tunda aka haife shi ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Ta wuce shi ta fita waje, ta tsaya a kan mijinta ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Mai Kushin ya ɗago ya kalle ta, ya kalli Auta da ke tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. "To ni wayar tawa lafiya ke nan?" Aka ce lafiya lau. Sai ya ce, "Kai, amma bidiyoyina sun tafi a banza." Daga nan ya tashi ya shiga ciki ya ce a miƙo masa reza, shi ya ɗinka jakar, shi ya san inda zai farke ba tare da ya taɓa zaren ba. Auta ya so ya ba shi haƙuri, Mai Kushin ya ce masa riƙe nan tukuna, ja da kyau. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Auta ya roƙi a isar da saƙo ga 'yan uwansa masu Linux, waɗanda ya san za su ce ai tasu manhajar ba ta yi laifi ba. Gaskiya ne, ba ta yi ba, Siririya na nan garau har gobe. Amma lafiyar kwamfutarka ba shaidar tsabtar filashinka ba ce. In kana zaune kai kaɗai ba ka ba kowa komai, kai ka sani. In kuwa kana da yaya mai shago, ko abokin aiki da kake tura wa fayil, to binciken ba don kai ake yi ba, don su ne.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar bayan la'asar, daga ƙofar shago zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha. Mai Kushin ya yi tayin samo mota, Yaya ta ce a'a, Injiniya zai ɗauke ta a ka, kuma ta babban titi za a bi. Injiniya ya amince, bai nemi gammo ba. Ɗan Aike za a fasa shi da guduma kafin a tashi, mai gyaran takalma ya ba da aron tasa.

Zaman makoki a shago za a yi. Ana roƙon duk wanda marigayiya ta taɓa yi wa aiki, mace ko namiji, ya sanyo rigar ko ya riƙo mayafin, ko ya tsufa ko ya matse, ba wanda zai yi magana a kan ƙugu. Auta zai zauna a bakin ƙofa ya ɗauki hoton kowane ado, domin shi zai sake zana su ɗaya bayan ɗaya a sabuwar kwamfutar da za a samo, wadda za ta zo da maigadinta, kuma duk ɗin-ɗon da ya yi ba mai cewa uffan. Siririya za ta halarta ba jaka, kuma aikinta shi ne caje duk wani filashi da ya doshi shagon nan daga yau.

Game da ganyen da babu, Auta ya ce zai iya ƙirƙiro shi daga sauran, ba wanda zai gane. Yaya ta ce ita za ta gane, a bar wurin yadda yake. Mai Kushin ya riga ya yanka ledar sabuwar jakar Siririya ba tare da an roƙe shi ba, kuma Yaya ta karɓi fuskar jakar ta ɗora a cinya. Da hannu take ɗinka furen, yadda Inna ke yi, da shuɗin zare, a waje wannan karon, inda mai jakar zai gan shi duk lokacin da ya kai hannu ga kwamfutarsa, da gurbin ganyen nan a buɗe. Ta ce za a miƙa masa bayan an watse. Ba ta faɗi da wane suna za ta kira shi ba in ta zo miƙawa, kuma shi bai tambaya ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu gane masu tsare mana ƙofa tun suna bakin ƙofar.